Ƙaya ta soki yarona, ga mugunya ga kaluluwa: me ke faruwa a cikin jiki?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin lafiya a cikinmu, ina da tambaya. Ranar Asabar ƙaya ta soki yarona a tafin ƙafa, shekararsa 7. Na zare ta, na wanke wurin, na ɗauka shi ke nan. Washegari wurin ya yi ja, ya kumbura, ya ɗau zafi kamar an ɗora garwashi. Kafin Litinin ya tara mugunya, kaluluwa ta fito masa a gindin cinya, ga zazzaɓi. A asibiti aka tsaga wurin aka fito da guntun ƙayar da ya karye a ciki, aka ɗebi jininsa. Likita ya ce fararen ƙwayoyin jininsa sun hau, musamman wasu da ya kira niyutrofil. Mun karɓi magani, yaro ya fara taka ƙafa, alhamdulillahi. Amma abu biyu sun tsaya min a rai. Hawan nan na fararen ƙwayoyi wata cuta ce daban? Kuma ita mugunya daga ina take fitowa, tunda ƙaya ce ta shiga ba ruwa ba?

Kawu Manomi:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙi, 'yata. Mu dai yadda muka taso muka ji, mugunya mataccen jini ne da dattin jiki da ke taruwa wuri ɗaya. In ta nuna ta fashe, an huta.

Ɗan Lab:
Kawu, maganarku ba ta yi nisa da gaskiya ba, ɗan gyara take so. Mugunya kam gawarwaki ce, sai dai ba ta jan jini ba. Kusan kullum ina shafa ta a gilashi in duba a madubin awo, abin da ke cikinta yawanci waɗannan niyutrofil ɗin ne da suka mutu a bakin aiki, haɗe da ƙwayoyin cutar da suka kashe da ruɓaɓɓen naman wurin.

Hajiya, hawan da likita ya gani ba cuta ba ce ta biyu. Bari in bi miki abin daki-daki. Ƙayar ba ita kaɗai ta shiga ba, ta ja bakteriya daga ƙasa da kuma saman fata. A ƙarƙashin fatar akwai masu gadi da ke zaune a wurin dama, manyansu su ne makrofej da wasu da ake kira mast. Da suka ji baƙo sai suka saki sinadarai na kururuwa. Ƙananan jijiyoyin jinin wurin suka buɗe, jini ya ƙaru, shi ne jan da zafin da kika gani. Bangon jijiyoyin ya saki, ruwa ya tsattsafo cikin nama, shi ne kumburin. Su kuma niyutrofil da ke wucewa cikin jini sai su fara manne wa bangon jijiyar, suna mirginawa a hankali, har su matse jikinsu su kutsa ta tsakanin ƙwayoyin bangon su fita, suna bin ƙamshin sinadarin nan har inda cutar take. Cikin 'yan sa'o'i sun cika wurin.

In niyutrofil ta riski bakteriya sai ta naɗe ta da jikinta ta haɗiye, ta kulle ta a wata 'yar jaka, ta zuba mata guba. Ɗaya daga cikin gubar nan dangin sinadarin da ke cikin ruwan bilicin wanki ne. A jinin babban mutum niyutrofil su ne fiye da rabin fararen ƙwayoyi, kuma ɓargo yana ƙera kusan biliyan 100 a kowace rana, domin ba sa daɗewa, daga sa'o'i zuwa 'yan kwanaki ne rayuwarsu. In yaƙi ya tashi ɓargo ya buɗe rumbunsa ya sako na ajiya. Abin da takardar gwajin ta nuna ke nan.

Maman Biyu:
Ikon Allah. Wato abin da nake ƙyama ina gogewa da auduga, waɗanda suka tsaya wa ɗana ne.

Malamin Kimiyya:
Hajiya, da na karanta labarinki sai da tsigar jikina ta tashi, domin da ƙaya aka fara gano wannan ilimin. A 1882 wani masanin dabbobi ɗan Rasha, Elie Metchnikoff, yana zaune a birnin Messina na tsibirin Sisili a Italiya, yana nazarin 'ya'yan wata halittar teku mai siffar tauraro. Jikinsu garau yake kamar ruwa, ana hango abin da ke ciki. Ya lura da wasu ƙwayoyi da ke yawo a jikin, sai ya tsinko ƙayar fure daga lambu ya soka musu, ya kwana yana jira. Da safe ya tarar ƙwayoyin nan sun yi wa ƙayar zobe. Daga nan ya ce kumburi ba cutar ba ce, martanin jiki ne. Manyan masana a Jamus sun daɗe suna ja da shi, su a ganinsu kariya tana cikin ruwan jini ne ba a ƙwayoyi ba. A 1908 aka raba lambar Nobel tsakaninsa da Paul Ehrlich, jagoran ɗaya ɓangaren, don ta bayyana kowa da gaskiyarsa.

Ni idan ina koya wa ɗalibaina nakan ce musu waɗannan su ne 'yan sintirin unguwa. Ba sa jiran umarni daga sama, ba sa tambayar sunan ɓarawo, sun ga baƙon ido da makami sun far masa.

Ɗalibar Likitanci:
Malam, misalin ya yi, amma ina so in ƙara abu ɗaya kada a ɗauka duka suke kai wa da ka. Suna da abin da suke dubawa. Garkuwar jiki hawa biyu ce. Akwai wadda aka haife mu da ita, ita muke magana a kai. Akwai kuma wadda jiki ke koya bayan ya haɗu da cuta ko an yi masa allurar rigakafi, ita ce mai riƙe kamannin cuta shekara da shekaru, amma a karon farko takan ɗauki kwanaki, wani lokaci fiye da mako, kafin ta shirya. In ba don ta farkon ba, bakteriyar da ke iya ninka kanta cikin ƙasa da sa'a ɗaya ta gama da mutum kafin ta biyun ta ɗaura ɗamara.

Yadda ta farkon ke gane baƙo shi ne, akwai wasu alamomi da ƙwayoyin cuta ba sa iya rabuwa da su, kamar kayan da aka gina bangon bakteriya da su, waɗanda babu irinsu a jikin mutum. Masu gadin suna da na'urorin jin waɗannan alamomi a jikinsu. A 1996 aka gano muhimmancinsu a ɗakin binciken Jules Hoffmann a Faransa, a jikin ƙananan ƙudaje: waɗanda aka lalata musu wannan na'ura sai fumfuna ta cinye su. A 1998 Bruce Beutler a Amurka ya nuna irinta a jikin ɓeraye.

Anti Maman Biyu, kaluluwar kuma a nan hawa biyun ke haɗuwa. Akwai wasu ƙwayoyi masu rassa kamar bishiya, dendiritik ake ce musu. Su aikinsu ba kisa ba ne sosai. Suna gutsuro wani yanki na cutar su bi magudanar ruwan jiki su kai shi ƙullutun da ya fi kusa, na ƙafa yana gindin cinya, na hannu yana hammata. Can suke nuna wa dakarun hawa na biyu, su kuma su fara hayayyafa, ƙullutun ya cika ya kumbura. Ralph Steinman ne ya gano su a 1973. An sanar da ba shi Nobel a 2011 tare da Hoffmann da Beutler, ashe kwana uku ke nan da rasuwarsa masu sanarwar ba su sani ba.

Kawu Manomi:
To 'ya'yana, ku ba ni amsa a nan. In dai kumburi da zazzaɓi da mugunya duk aikin jiki ne, me ya kai mu asibiti? Ai sai a bar jiki ya yi aikinsa. Iyayenmu ƙaya nawa suka taka a gona?

Anti Nas:
Kawu, da girmanku, amma wannan maganar ba zan bar ta ta wuce ba, don akwai masu karantawa da ba sa magana. Iyayenmu sun taka ƙaya, gaskiya ne, waɗanda suka tsira su muka tarar suna ba da labari. Ita Hajiya guntun ƙaya ne ya rage a ƙafar ɗanta, kuma niyutrofil ko sun kai nawa ba za su narkar da itace ba. Za su yi ta zuwa suna mutuwa, mugunya na ƙaruwa, gubar da suke zubawa tana cin naman yaron shi kansa. Magani ma ba ya ratsa tarin mugunya da kyau, shi ya sa ake tsagawa.

Na biyu, wannan kururuwar da Ɗan Lab ya faɗa, alheri ce muddin tana wuri ɗaya. Ranar da cuta ta shiga jini, jijiyoyin jiki gaba ɗaya suka buɗe suka fara yoyo lokaci guda, sai jini ya faɗi, ƙoda ta tsaya, hankali ya gushe. Shi muke kira sefsis, kuma na ga ya ɗauki mutum da ƙarfinsa cikin kwana biyu. Idan jan ya fara tafiya kamar zare yana hawa ƙafa, ko yaro yana numfashi da sauri, ko ya ƙi nono, ko barci ya yi masa yawa ba ya farkawa da kyau, ko fitsari ya ragu, ba a kwana a gida. Jaririn da bai kai wata uku ba kuwa, zazzaɓi kowane iri a jikinsa maganar asibiti ce a ranar.

Shi zazzaɓi, sinadaran da makrofej ke saki ne ke kai saƙo ƙwaƙwalwa ta ɗaga ma'aunin zafin jiki, don wasu cututtukan ba sa jin daɗin hayayyafa a zafi, dakarun kuma sun fi kuzari. Farasitamol yana sauke zafin ne yaro ya samu ya sha ruwa ya yi barci, bai taɓa abin da ya kawo shi ba. A ƙasarmu kuma duk zazzaɓin yaro sai an yi gwajin maleriya, ko da akwai ciwo a ƙafa.

Kawu Manomi:
Na ji, 'yata. Ban ƙi ba. Tambaya ce.

Mai Kemis:
Tunda an zo nan bari in kawo tawa damuwar. Mutum zai shigo shago da mura, ya ce majinarsa ta koma kore, lallai sai na ba shi kafso. In na ce ya sha ruwa ya huta ya ga kamar ban san aiki ba, ya wuce shago na gaba. Shin koren nan ba alamar bakteriya ba ce?

Ɗan Lab:
Ba lallai ba ne, Alhaji. Koren daga jikin niyutrofil yake. Sinadarin da suke haɗa gubar nan da shi yana ɗauke da ƙarfe, launinsa kore ne. In sun taru da yawa a majina ko kaki sai ya rine. Murar bairas ma tana tara su, kuma kafso ba ya yi wa bairas komai. Launi kaɗai ba hujja ba ce.

Anti Nas:
Alhaji, tunda ka buɗe ƙofar, ni abin da ya fi kafso tayar min da hankali shi ne deksa da firedinisolon da ake sayarwa kamar gyaɗa. 'Yan mata na sha don su yi ƙiba, dattawa na sha don ciwon gwiwa, ga mayukan bilicin da ake cusa irinsu a ciki. Waɗannan magunguna aikinsu ke nan su rufe bakin masu gadi. Kumburi ya sauka, mutum ya ji daɗi, alhali ƙofar gida a buɗe take.

Mai Kemis:
Anti, ba kowa ke haka ba. Ni ba na bayarwa sai da takarda. Kuma ai lokacin korona da deksa aka ceci mutane, ko ba haka ba?

Ɗalibar Likitanci:
Haka ne Alhaji, kuma hujjar Anti ce ma. Binciken da aka yi a Ingila a 2020 ya nuna deksa ta rage mutuwa ga waɗanda cutar ta kai su ga buƙatar iskar oksijin, lokacin da martanin jikin ne da kansa ke lalata huhu. Waɗanda ba su kai wannan matakin ba, ba ta amfane su ba. Magani ɗaya ne, amma sai wanda ya auna mara lafiya zai san ko lokacin kwantar da dakarun ya yi.

Abban Yara:
Salam. Tun ɗazu nake bi a hankali. 'Yata tana da sikila, shekararta 4. Kullum tana shan fenisilin, kuma an ja min kunne cewa in zafin jikinta ya kai 38 kada in tsaya ba ta farasitamol in jira gari ya waye. Ina bin umarni, amma ban taɓa fahimtar alaƙar ciwon jini da kamuwa da cuta ba.

Ɗan Lab:
Allah ya ba ta lafiya, ya saka maka da haƙurinka. Amsar tana cikin saifa. Makrofej ba kamar niyutrofil ba ne, su mazauna ne, suna yin watanni har shekaru, wasunsu tun muna cikin ciki suka kama wurin zamansu. Akwai na hanta, akwai na huhu masu share ƙurar da muke shaƙa, akwai na ƙwaƙwalwa. Na saifa su ne matatar jini. Jan ƙwayar jini in ta yi kwana kusan 120 ta tsufa, su ke cire ta. Su ne kuma suka fi iya kama wasu bakteriya masu sulɓi da ke lulluɓe da riga, irin masu kawo ciwon huhu da sanƙarau. A mai sikila, lanƙwasassun ƙwayoyin jini suna ta toshe ƙananan hanyoyin saifar tun yaro bai shekara ba, har ta ƙanƙance ta daina aiki, da yawa kafin su kai shekara 5. Matata ta tafi ke nan. Bakteriyar da wani yaron zai share ba a ma sani ba, ita tana iya mamaye mata jini cikin sa'o'i. Fenisilin ɗin da alluran rigakafin suna tsaya mata ne a gurbin saifa. Kada ka gaji da su.

A maleriya kuma akasin haka ake gani, saifar ce ke kumbura don aiki ya yi mata yawa. Tana cire ƙwayoyin jinin da cutar ta shiga, har da masu lafiya da yawa, shi ya sa yaro ke ɗashewa.

Abban Yara:
Wallahi yau na gane. Na gode, Allah ya ƙara ilimi.

Malamin Kimiyya:
Akwai kuma cutar da ta mayar da mai gadi gidan haya. Tarin fuka. Makrofej na huhu yana haɗiye ta kamar yadda ya saba, ita kuma ta hana jakar nan haɗuwa da guba, ta zauna a cikinsa. Jiki in ya rasa yadda zai yi sai ya gina mata katanga da ƙwayoyi ya tsare ta, shekaru tana kwance. Ranar da yunwa ko ƙanjamau ko ciwon suga suka raunana mutum, katangar ta rushe. Robert Koch ya sanar da gano ta ranar 24 ga Maris 1882, shekarar da Metchnikoff ya soka ƙayarsa. Wannan iya ɓuya nata shi ya sa maganinta ke ɗaukar wata shida, ba a yanke shi don an ji sauƙi.

Baƙon Ingila:
Ni tawa akasin ta Hajiya ce. Da na zo nan karatu aka yi min gwajin jini, aka ce niyutrofil ɗina sun yi ƙasa, 1.4. Aka sake, haka. Na yi makonni ba na barci, ina tunanin wata muguwar cuta ce, alhali ko mura ba ta cika kama ni ba. Daga baya wata likitar jini ta ce min haka halittata take.

Ɗalibar Likitanci:
Yaya, abin da ta faɗa maka sananne ne. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba mu da wata alama da ake kira Duffy a jikin jan ƙwayar jininmu. Rashinta yana kare mu daga wani nau'in maleriya mai suna bibaks wanda ta wannan alamar yake shiga. Masu wannan halitta adadin niyutrofil da ke yawo a jininsu yakan zama ƙasa da na Turawa, kuma ba su fi kowa kamuwa da cuta ba. Ma'aunin da ke jikin takardun gwaji da yawa da jinin Turawa aka tsara shi. Amma kada wani ya karanta wannan ya yanke wa kansa hukunci, don maganin ciwon daji da wasu cututtukan ɓargo suna sauke su da gaske, wannan kuwa hatsari ne babba.

Maman Biyu:
A takardar yarona na ga wasu sunayen a ƙasa, ɗaya kamar iyosinofil. Su kuma fa?

Ɗan Lab:
Su na manyan abokan gaba ne da ba sa haɗiyuwa, wato tsutsotsi. Sai su manne a jikin tsutsar su yi ta fesa mata guba. In na ga sun hau a jinin yaron da ke wanka a rafi ko dam, tsargiya nake fara tunani, ko tsutsar ciki. Suna hawa kuma a masu asma da borin jini. Mast da na ambata da farko su ke sakin histamin, shi ne ƙaiƙayi da ɗan kumburin cizon sauro. Akwai kuma wasu da ba a rubuta su daban a irin takardarki, NK, waɗanda aka gano a 1975. Su ba baƙo suke nema ba, 'yan gida suke bincika. Kusan kowace ƙwayar jikinmu tana ɗaga wata shaida ta cewa ita ta gida ce. Bairas da ciwon daji sukan sa ta sauke shaidar don su ɓuya, NK kuma in ta tarar babu shaida sai ta huda ƙwayar ta kashe.

Anti Nas:
Masu jego, kada a zubar da dakashi. Nonon farkon nan mai kauri cike yake da fararen ƙwayoyi masu rai da kariyar uwa, a lokacin da jariri bai koyi komai ba tukuna.

Kawu Manomi:
'Ya'yana, bari in faɗi abin da ya sa na yi tambayar ɗazu. Ina da suga shekara tara. Mako uku ke nan kara ya yanke ni a ƙarƙashin babban yatsa. Ba ya min zafi ko kaɗan, bai kumbura sosai ba, mugunyar kirki ma babu, sai ɗan ruwa da wari. Na ɗauka tunda bai tayar da hankali ba, warkewa yake.

Ɗan Lab:
Subhanallah. Kawu, wannan shirun shi ne abin tsoro. Suga in ya yi yawa niyutrofil sukan yi nauyin jiki, ba sa isa wurin da wuri, in sun haɗiye ma ba sa kashewa da kyau. Jinin da zai kawo su ƙafa ya ragu, jijiyar da za ta gaya muku akwai ciwo ta mutu. Ƙafar yaron Hajiya ta yi ihu ne don masu gadinta lafiyarsu ƙalau.

Anti Nas:
Kawu, don girman Allah gobe da sassafe ku tafi babban asibiti, ba kemis ba. Ku tafi da katinku da duk magungunan da kuke sha, ku gaya musu mako uku ne kuma yana wari, ku tambaya a duba maganar allurar titanus. Daren nan a wanke da ruwan da aka tafasa ya huce da ɗan gishiri, a rufe da bandeji mai tsabta, kada a sa toka ko garin magani, kuma kada ku taka shi zuwa gona. In zazzaɓi ya zo ko yatsan ya fara baƙi, kada a jira safiya. Akwai wanda zai kai ku?

Kawu Manomi:
Akwai ƙaramin ɗana, yana da mashin. Na kira shi yanzu, ya ce bayan sallar asuba zai zo.

Maman Biyu:
Allah ya ba ku lafiya, Kawu. In kun fito daga wurin likita don Allah ku leƙo ku sanar da mu abin da aka ce.